Ganyen wane itace ne taki, na wane ne ke tsotse gona?

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ɗaya ta yi ta dawowa daga manoman Igabi da Giwa: me ya sa masarar da ke ƙarƙashin gawo take yin kore shar, amma wadda ke gefen layin itacen turare (eucalyptus) sai ta yi ɗorawa-ɗorawa ta tsumbure, alhali taki ɗaya aka zuba musu? Wasu sun ce ganyen turare guba ne. Malamai, bismillah. A yi mana bayanin da za a iya aiki da shi a gona.

Malamin Gona, Giwa: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga turare, a fara gane cewa ganyen da ya kaɗe da kansa daban yake da ganyen da aka sara yana ɗanye. Kafin itace ya saki ganye, yakan janye kusan rabin naitirojin da fosforas, wato sinadaran abincin shuka, da ke ciki ya mayar jikin reshe. Abin da ba ya iya janyewa shi ne kalsiyam, shi ya sa tsohon ganye ya fi sabo yawansa. Fotasiyam kuwa ba ya daɗewa a busasshen ganye, ruwan farko biyu uku ke wanke yawancinsa zuwa cikin ƙasa. To abin da ya faɗo ƙasa a hunturu, a yawancin itatuwanmu, ganye ne mai yawan kabon, mai ƙarancin naitirojin.

Ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye su ma sai sun ci naitirojin kafin su yi aiki. Idan ganyen yana da kabon 20 ko 25 ga naitirojin 1, suna ci su bar saura ga shuka. Idan ya haura 30 ga 1, sai su koma su ɗebi na cikin ƙasa, wanda masara ke jira. Wannan shi ne babban dalilin da ke sa mutum ya binne busasshen ganye a kunya, masara ta fito ta yi rawaya daga ganyen ƙasa, ya ce ganyen ya ƙona masa gona.

Malama Mai Gwajin Ƙasa, Samaru: Malam ya faɗi tushen. Bari in ƙara ma'aunin da masu binciken takin ganye ke amfani da shi, domin yana raba gardama. Abubuwa uku ake dubawa a busasshen samfur. Naitirojin ya haura kashi 2.5 cikin 100. Liginin, wato abin da ke sa ganye tauri da jijiya, kada ya kai kashi 15. Sinadaran bauri, dangin tanin, kada su kai kashi 4. Ganyen da ya cika ukun nan ana iya binne shi kai tsaye a matsayin taki. Wanda yake da naitirojin amma baurinsa ya yi yawa, tanin ɗin na kama furotin ya riƙe, sai ya saki abincin a hankali, don haka sai an haɗa masa da takin zamani ko kashin dabbobi. Wanda naitirojinsa ya gaza 2.5 kuma ga tauri, wannan ba na binnewa ba ne, a shimfiɗa shi a sama ko a kai shi ramin taki.

Wanda ba shi da ɗakin gwaji ma yana iya kusantar amsar. Ganye kore mai laushi da ke yagewa cikin sauƙi, kamar na zogale ko na itacen gilirisidiya, yana rukunin farko. Wanda ke ɗaure harshe da bauri, kamar marke da bagaruwa, tanin ne. Wanda ya yi kauri yana sheƙi yana ƙaras-ƙaras idan ya bushe, kamar na mangwaro, liginin ne.

Baba Manomi, Makarfi: Sannunku da ƙoƙari 'ya'yana. Amma ku yi mini maganar gawo. Ba mu taɓa binne ganyensa ba, da kansa yake gyara wuri.

Malamin Gona, Giwa: Allah ya ƙara girma Baba. Gawo ya haɗa abubuwa da dama da ba a samu tare a wani itace ba. Saiwarsa na da ƙulle-ƙullen da bakteriya ke zama ciki suna kamo naitirojin daga iska. Ganyensa ƙanana ne masu laushi, kuma yana zubar da su ne a farkon damina, daidai lokacin da ƙasa ta jiƙa kuma shuka na neman abinci. Ga shi duk damina ba ya inuwa mai nauyi, ba ya gasar ruwa da hatsi sosai. Da rani kuma shi ke da inuwa da 'ya'ya, shanu da awaki su taru a gindinsa su bar kashi da fitsari. Sauran itatuwa suna zubar da nasu ganyen ne daga Disamba zuwa Fabrairu, ya yi wata huɗu biyar a fili, iska ta kwashe, wuta ta ci, gara ta ɗauke, kafin ruwa ya sauka a Mayu.

Sai dai gawo ya fi son arewacin jihar Kaduna, wajen Makarfi, Kudan, Ikara, inda ƙasa ke da zurfi saiwarsa ta samu ta nutsa. A inda marmara ta tokare kusa da sama ba ya yin abin kirki, kuma a shekarunsa na farko girmansa a hankali yake.

Mai Rainon Itatuwa, Mando: To ai ɗorawa da tsamiya da doka duk dangin wake ne, masu 'ya'ya a kwafsa. Ke nan su ma suna ƙara naitirojin?

Malamin Daji: A'a ɗan'uwa, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ba kowane mai kwafsa ke yin ƙullin saiwa ba. Doka, maje, kawo, taura, kalgo da tsamiya ba sa yi. Ɗorawa ma ba a lissafa ta cikin masu kamo naitirojin. Masu yi a dajinmu su ne gawo, bagaruwa, kirya da maɗobiya. Hanyar dubawa mai sauƙi ce a wajenka da ke da leda: fasa ledar dashe mai wata uku, wanke saiwar a hankali, ka nemi ƙananan ƙulle-ƙulle. Yanka ɗaya da reza. Idan cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Idan fari ne ko kore, ba ya aiki.

Doka, wadda ta mamaye daji daga Kamuku a Birnin Gwari har Kachia, dabararta daban ce. Wani fumfuna ne ke naɗe saiwarta yana tsamo mata fosforas da sauran abinci daga ƙasa mara ƙarfi. Shi ya sa take rayuwa a jangargari mai tsakuwa. Amma arzikin dajin doka yawancinsa a jikin itatuwan yake da santimita 10 zuwa 15 na saman ƙasa. A yi sassabe a ƙone, shekara biyu uku gona ta yi kyau, daga nan sai wuta-wuta ta bayyana.

Injiniya, Rigachikun: Mu dawo kan turare don Allah. Ni ra'ayina a hana dasa shi kusa da gonaki gaba ɗaya. Duk inda ka ga turare, ƙarƙashinsa fako ne.

Malamin Daji: Injiniya, turare yana da laifinsa, amma ana ɗora masa har da wanda ba nasa ba. Gandun dajin Afaka, wanda aka keɓe tun 1954, nan aka yi ta gwajin turare da itacen fayin (pine) domin savanarmu, kuma abin da ake gani a irin waɗannan gandaye iri biyu ne. Inda aka bar ganye da ɓawo suka taru shekaru ba wuta, saman ƙasa yakan yi duhu. Inda ake share ganye, a ƙone duk rani, a sare sanduna duk shekara biyar shida a tafi da su har ɓawo, nan ƙasa ke mutuwa. Ɓawon turare yana ɗauke da kaso mai yawa na kalsiyam ɗin da itacen ya tsotsa. Duk tirelar sandunan da ta fita da ɓawonta, kalsiyam ɗin wurin ne ya bi ta. A ɓare sanda a inda aka sare ta, a bar ɓawo da rassa da ganye a wurin. Wannan kaɗai yana rage asarar sosai.

Laifin da yake nasa na gaskiya: ganyen na da mai da tanin, ba ya saurin ruɓewa, tana ba ta son shi, kuma man yakan sa saman ƙasa ya ƙi shan ruwan farko. Sai kuma saiwar gefe da ke yawo a sama-sama tana shiga gona mita da yawa.

Malama Mai Gwajin Ƙasa, Samaru: Ina goyon bayan Malamin Daji a nan, kuma a ganina saiwar ta fi ganyen ɓarna nesa ba kusa ba. Gwaje-gwajen da ke nuna ruwan ganyen turare na hana iri tsirowa yawanci a farantin ɗakin gwaji ake yin su, da ruwan da aka jiƙa ganye mai yawa. A gona ruwan sama na tsarma shi, halittun ƙasa na farfasa shi. Wanda ke son ya san wanne ke cutar masa da masara, ga yadda zai yi. Ya haƙa rami mai zurfin santimita 60 zuwa mita 1 tsakanin layin turare da gona, tsawon mita 10, ya datse duk saiwar da ya tarar, ya jingina leda mai kauri ko tsohon kwanon rufi a bangon ramin ya mayar da ƙasa. Gefen mita 10 na kusa ya bar shi yadda yake. Ganye zai ci gaba da faɗa wa ɓangarorin biyu daidai. Idan bayan ramin ya farfaɗo, saiwa ce. Idan ba a sa shingen ba, saiwar za ta sake ratsowa cikin damina ɗaya ko biyu, sai an maimaita datsewar.

Injiniya, Rigachikun: Na ji, Malama. Amma batun tsami fa? An ce turare da fayin suna sa ƙasa tsami.

Malama Mai Gwajin Ƙasa, Samaru: Suna iya yi, musamman fayin, domin siririn ganyensa ba shi da kalsiyam sosai kuma yana taruwa ya yi tabarma a sama ba ya gauraya da ƙasa. Amma abu ne na shekaru, kuma a saman ƙasa yake farawa. Ƙasar tudunmu yawanci pH ɗinta, wato ma'aunin tsamin ƙasa, tsakanin 5.5 ne da 6.5. A tuna cewa 5 ta ninka 6 tsami sau goma, don haka faɗuwar rabin maki ba ƙaramin abu ba ne. Da zarar an sauka ƙasa da 5.5, aluminiyam ya fara narkewa, bakin saiwa ya kumbura ya daina tsawo, fosforas ɗin da aka zuba ya maƙale a jikin ƙarfe da aluminiyam.

Abin da ya fi tsananta lamarin shi ne yumɓun ƙasarmu irin wanda ba ya riƙe abinci da yawa ne, kuma kabon ɗin da ke cikin yawancin gonakinmu bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba su ne rumbun da ƙasar ke ajiye kalsiyam da magnesiyam da fotasiyam a ciki. Kuma a yi adalci: zuba yuriya ko takin salfa shekara da shekaru ba takin gargajiya ya fi kowane itace saurin jawo tsami a gona. Filin gwajin taki na dogon zango da aka fara a Samaru a 1950 ya nuna haka, kuma ya nuna kashin shanu na rage matsalar.

Baba Manomi, Makarfi: Darbejiya fa? Wasu na cewa ɗacinta na kashe ƙasa.

Malamin Gona, Giwa: Ɗacin ba ya kashe ƙasa, Baba. Tun shekarun 1960 aka auna a jan yashin Sakkwato aka ga ƙasar da ke ƙarƙashin darbejiya ta rage tsami ta ƙara ƙarfi. Saiwarta na zurfi ke tsamo kalsiyam da fotasiyam daga ƙasa can, ganye ya zubo da su sama. Malaina da itacen katako na tik (teak) da dangin ɓaure su ma ganyensu na da kalsiyam mai yawa. Matsalar darbejiya a gona inuwa ce da saiwar gefe, don haka a kan iyaka ta dace, ana yi mata sassaka ana kai ganyen gona. Tunkuzar 'ya'yanta kuma, idan aka gauraya da yuriya, tana rage saurin da naitirojin ke rikiɗewa ya bi ruwa. Indiya ta wajabta lulluɓe yuriyarta da man darbejiya tun 2015.

Malamin Daji: A kan tik akwai gargaɗi. A gandun Nimbia da ke kudancin jihar ana ganin yadda yake: faffaɗan ganye ya zube da rani ya rufe ko'ina, ƙarƙashi ba ciyawa saboda inuwa. Idan wuta ta cinye ganyen, ruwan farko ya tarar da ƙasa tsirara, ga manyan ɗigo da ke taruwa a faffaɗan ganye suna faɗowa da ƙarfi. A gangare zaizaya ke biyo baya. Ganye mai kyau ne, amma sai an kare shi daga wuta da layin kashe gobara mai faɗin mita 3 zuwa 5, a share shi tun Nuwamba.

Mai Citta, Kachia: Sannunku malamai. Mu a nan ganye ba wasa ba ne, domin citta ba ta yi sai an rufe ta bayan shuka. Idan ganye mai tauri ba taki ba ne, ke nan asara muke yi da muke rufi da na doka da maje?

Malamin Gona, Giwa: Ko kaɗan Hajiya. Aikin rufi daban, aikin taki daban. A citta abin da ake nema shi ne sanyi da danshi da hana ciyawa daga shuka a Afrilu ko Mayu har ta rufe ƙasa, kuma ganyen da ba ya saurin ruɓewa shi ya fi dacewa da wannan. Ganye mai laushi sati uku huɗu ya narke, ƙasa ta koma fili. Matuƙar a sama aka shimfiɗa shi ba a binne ba, naitirojin ɗin da yake ɗauka a fatar ƙasa ne kawai, bai kai ga saiwa sosai ba. Kauri santimita 5 zuwa 10 ya isa. Idan ya wuce haka da ganye mai faɗi irin na tik, sai ya manne ya hana tsiro fitowa, ruwa ya kwanta a ƙarƙashi, ruɓewar citta ta samu ƙofa. Mafi kyau a fara shimfiɗa ɗanyen ganye mai laushi siriri a ƙasa, mai taurin a kansa. Kuma kada a ɗauko rufin tsohuwar gonar da cuta ta kama a kai sabuwa.

Abin da ke damuna shi ne dajin da ake ɗebo ganyen. Idan wuri ɗaya ake aske wa rassa duk shekara, abincin dajin ake kwashewa zuwa gona. A riƙa juya wurin yanka, kuma kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na rassan itace.

Ɗalibin Aikin Gona, Zariya: Malama, ina neman tsarin gwada ruɓewar ganyen itatuwa huɗu don aikin kammala karatu, da kayan da ba su da tsada.

Malama Mai Gwajin Ƙasa, Samaru: Ka tara ganyen da ya kaɗe da kansa, kada ka tsinko a reshe. Kafa raga mai faɗin mita 1 da mita 1 a kan turaku, santimita 50 daga ƙasa, aƙalla uku ƙarƙashin kowane itace, ka kwashe duk sati biyu. Busar da shi a digiri 65 zuwa 70 na awa 48. Ɗinka jakunkuna santimita 20 da 20, gram 10 ko 20 a kowace. Yi iri biyu: na yadin gidan sauro wanda ke tare manyan ƙwari, da na buhun albasa mai manyan ƙofofi. Bambancin nauyin da ke tsakaninsu shi ne rabon gara da tana, kuma a savana rabon gara babba ne. Ɗaure su da waya a turke, ka ɗauke uku uku daga kowane iri a sati 2, 4, 8, 12 da 16.

Inda aikin ke lalacewa: ƙasa na shiga jaka ta ƙara nauyi, har ka ga ganye ya fi yadda aka sa shi. Dole a ƙona wani sashe a tanderun ɗakin gwaji a digiri 500 zuwa 550 a cire nauyin toka. Gara kuma na iya huda yadin gidan sauro, don haka ka yi jakunkunan rara. Lamba a rubuta a ƙarfe ko roba, tawadar alƙalamin maka na gogewa.

Samfurin ƙasa kuma, ɗauki zurfi biyu, santimita 0 zuwa 15 da 15 zuwa 30, a rabin tazarar gindi da bakin inuwa, a bakin inuwa, da fili mai nisan ninki biyu na tsawon itacen. Haɗa haƙa 10 zuwa 15 su zama samfur ɗaya na rabin kilo, shanya a inuwa, tankaɗe da rariyar milimita 2. Kuma ka guji itacen da ke kan shuri. Tsamiya na yawan fitowa a kan tsohon gidan gara, inda yumɓu da kalsiyam suka riga suka taru. Idan ka auna can ka ce tsamiya ce ta gyara ƙasa, ka ba ta aikin gara. Haka inda dabbobi ke kwana, da ƙurar hunturu da rassa ke tarewa, ita ma tana ɗauke da kalsiyam da fotasiyam.

Injiniya, Rigachikun: To mai buhunan ganyen mangwaro da turare da ake sharewa a unguwa, ya ƙone ya zuba tokar, ko yaya?

Malamin Gona, Giwa: Kada ya ƙone. Wuta na tafiya da kusan duk naitirojin da salfa da kabon, toka kawai ke saura da fotasiyam da kalsiyam, ita ma iska ta ɗebi rabonta. Ga lissafin. Tan ɗaya na irin wannan ganye yana da kabon kamar kilo 450, naitirojin kamar kilo 10, wato 45 ga 1. Don a sauko da shi 30 ga 1 ana bukatar ƙarin naitirojin kilo 5, kusan yuriya kilo 11 ke nan, ko a maye gurbinta da kashin kaji. A jera tudu mai faɗin mita 1.5, tsayi mita 1.2: busasshen ganye santimita 20, ɗanyen ganye ko ciyawa 10, kashin dabba 3 zuwa 5, a barbaɗa ƙasa, a yayyafa ruwa, a maimaita. A jiƙa ganyen turare kwana ɗaya kafin a jera, don man da ke jikinsa na hana shi shan ruwa. Danshin da ake so, idan ka matse a hannu ya dunƙule, ɗigo ɗaya biyu ya fito. A juya duk sati biyu zuwa uku. Idan tsakiya bai yi zafi ba cikin kwana huɗu, ko ya bushe ne ko naitirojin ya gaza. Idan yana warin ruɓa, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshe. Ganye mai laushi wata biyu zuwa uku, mangwaro da turare su kai huɗu zuwa shida. Toka kada ta haɗu da yuriya ko ɗanyen kashin kaji a shimfiɗa ɗaya, naitirojin zai tashi a iska, za ka ji warinsa a hanci.

Malama Mai Gwajin Ƙasa, Samaru: Kuma kada a yi zaton takin ganye zai maye gurbin buhun takin zamani. Masara a yankinmu ana ba ta shawarar naitirojin kilo 120 a hekta. Da ganye mai kashi 1 cikin 100, tan 12 ke nan, kuma ba duka zai saki a damina ɗaya ba. A zuba tan 2 zuwa 5 na takin da ya nuna a cikin kunya lokacin huɗa, a bi da NPK a sati na biyu, yuriya a sati na biyar zuwa shida, a binne ta santimita 5 a gefen shuka.

Baba Manomi, Makarfi: Ɗorawa da kaɗanyar da ke tsakiyar gona fa? Ba za mu sare su ba, kalwa da man kaɗe abinci ne.

Malamin Daji: Ba a sarewa Baba. Ƙasar ƙarƙashinsu ta fi ta fili kabon da fotasiyam, inuwa ce ke rage hatsi, musamman ta ɗorawa mai faɗi. A Burkina Faso an gwada rage musu rassa, gero ya ƙaru a ƙarƙashi. A rage wani sashe na rassan bayan an gama ɗiban 'ya'ya, yanka a karkace da zarto mai kaifi don ruwa kada ya kwanta a bakin yankan, kuma kada a yi wa duk itatuwan gona a shekara ɗaya, tunda 'ya'ya kan ragu na ɗan lokaci bayan yankan. A gindin da inuwa ta fi nauyi a sa barkono ko gwaza maimakon masara.